Mijin Da Ya Yi Murna Da Ɗaukakar Matarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata cuta da takan shiga gidajen aure ba da sallama ba. Mace ta yi karatu, ta zama shugabar makaranta ko babbar likita, aka faɗi sunanta a rediyo, mutane suka zo yi wa maigida barka, shi kuwa fuskarsa a murtuke kamar an aiko masa da labarin mutuwa. Daga nan sai gori da neman laifi, wani lokaci har a kai ga saki. Malamai ba su da wani suna ga wannan hali in ban da hassada, watau son gushewar ni'ima daga wanda Allah Ya ba shi. Ta fi muni idan wanda ake yi wa ita abokin zama ne.

Tarihin malaman fiƙihu ya adana labarin Imam Ala'uddin al-Kasani, babban malamin mazhabar Hanafiyya wanda ya rasu a birnin Halab na ƙasar Sham a shekara ta 587 bayan Hijira, daidai da 1191. Ya yi karatu wurin Shaihu Ala'uddin as-Samarƙandi, mai littafin Tuhfatul Fuƙaha'i. Shaihun yana da 'ya mai suna Fatima, wadda ta haddace littafin mahaifinta, ta kuma gwanance a fiƙihu. Sarakuna sun nemi aurenta, ya hana su. Da almajirin nan ya yi wa littafin sharhi, wanda ya sa wa suna Bada'i'us Sana'i'i, sai malamin ya yi farin ciki ƙwarai, ya aurar masa da ita, ya mai da sharhin sadakinta.

Abin lura shi ne yadda zamansu ya kasance. Kafin auren, fatawa takan fito daga gidan da rubutun hannun Fatima da na mahaifinta. Bayan auren sai ta riƙa fitowa da rubutun mutum uku, har da na mijin. Bai ce a cire sunanta ba. Masu tarihi sun ambata cewa wani lokaci yakan yi kuskure a mas'ala, ta nuna masa inda ya kuskure, ya koma ga maganarta. Mutumin da Sarki Nuruddin Zanki ya danƙa wa makarantar Halawiyya ke nan, wanda littafinsa har yau ana karantar da shi a jami'o'i. Gyaran matarsa bai rage masa komai ba a idon duniya.

Tun zamanin sahabbai ma an ga irin wannan. Zainab, matar Abdullahi ɗan Mas'ud, tana da abin hannu, mijinta kuwa talaka ne duk da tarin iliminsa. Ta aika a tambayi Manzon Allah ko sadakarta ga mijinta da marayun da take riƙo za ta isar mata. Aka amsa mata cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ɗan Mas'ud ne da kansa ya tura ta ta yi tambayar.

Sai dai murna daban take da taƙama. Wanda ya gode wa Allah, ya faɗi alherin matarsa inda ya dace, ya yi daidai. Amma mai ɗaukar muƙamin matarsa ya riƙa taka maƙwabta da shi, ko matar da ta daina gaida dangi domin an naɗa mijinta sarauta, sun faɗa cikin girman kai, wanda shi ma haramun ne.

Fatima ta riga mijinta rasuwa a Halab. An ruwaito cewa bai daina ziyartar kabarinta ba a kowane daren Juma'a, har ranar da shi ma ya cika, aka binne shi kusa da ita.