Masu Ƙirga Shaho a Kan Dutse

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan mako a kan wani aiki ne da za a ɗauka na marasa abin yi ne: mutum ya hau dutse cikin sanyi, ya wuni yana ƙirga shaho da gaggafa. To, mene ne amfaninsa?

A ƙasashen sanyi, idan kaka ta ƙare, ƙwari sukan ɓace, ƙanƙara ta rufe ƙasa, abinci ya yi wuya. Sai tsuntsaye masu farauta su yi ƙaura zuwa kudu. Da yake tafiyar doguwa ce, ba sa yawan kaɗa fiffike. Idan rana ta ɗumama ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, tsuntsu ya baza fukafukai ta ɗaga shi yana kewayawa, daga can ya sulale gaba har ya sami wata. Irin wannan iska ba ta cika tashi a kan teku ba, shi ya sa suke bin tudu suna taruwa a 'yan mashigai. A Batumi ta ƙasar Jojiya, tsakanin Bahar Aswad da duwatsu, akan ƙirga fiye da miliyan ɗaya a kaka guda.

Wurin da ya fi daɗewa ana wannan ƙidaya shi ne Hawk Mountain, wato Dutsen Shaho, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Da can maharba ne ke hawa suna harbe tsuntsayen don nishaɗi. A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta karɓi hayar dutsen, ta hana harbi, ta ɗauki Maurice Broun gadi. Shi ne ya fara rubuta yawan masu wucewa. Yau ana ƙidayar daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Disamba. A watan Nuwamba rana ba ta da ƙarfi, sai tsuntsayen su dogara da iskar da ke bugun dutse tana hawa sama. A lokacin ne aka fi ganin shaho mai jan wutsiya da manyan gaggafa.

Ƙidayar tana da ƙa'ida. Ana tsayawa wuri ɗaya kowace shekara. Duk awa guda a rubuta irin tsuntsu da yawansa, da inda iska ta fito, da yanayin sama. A bambanta matashi da babba ta launin gashinsu. Wanda ke shawagi a unguwarsu kawai ba a sa shi a lissafi. Ko ba a ga komai ba, sai an rubuta sifili, domin shi ma bayani ne.

Ga amfanin. Littattafan dutsen sun nuna matasan gaggafa mai farin kai suna ta raguwa. Rachel Carson ta kafa hujja da wannan a littafinta na 1962 kan illar magungunan ƙwari. An gano cewa maganin DDT yana sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Amurka ta hana fesa shi a gonaki a 1972, gaggafar ta sake yawaita. Ƙidaya ce ta fara kaɗa ƙararrawa.

Abin ya shafe mu. Wasu shahunan Turai a yankinmu na Sahel suke cin rani, cikinsu har da masu cinye fara a gonakinmu. Ungulu kuwa, ku tambayi dattawa yawanta a mahauta a da, ku kwatanta da yau.

Saboda haka ga aikin gida. Kowane aji ya ware littafi ɗaya. A zaɓi wuri guda a filin makaranta, a tsaya minti 30 kowace Asabar da hantsi, a rubuta shirwa nawa, shaho nawa, ungulu nawa. Ku kawo mana sakamakon a ƙarshen zango, mu liƙa a wannan bango. Da yayyafi kogi kan cika.