Kafin Ku Taɓa Rumbun Bayanan Jama'a

'Ya'yana masu kula da shafukan intanet na makarantu da ƙungiyoyin manoma, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ku ɗan ara mini kunnuwanku. Ina jin kuna ta zancen cire MySQL ku sa MariaDB a sabar da kuke haya. Ban hana ku ba. 'Yan gida ɗaya ne ma: Michael Widenius, mutumin Finland, yana cikin waɗanda suka fito da MySQL a 1995. Kamfanin Sun ya saye ta a 2008, da Oracle ya taso zai haɗiye Sun, sai Widenius ya ware a 2009 ya kafa MariaDB, ya raɗa mata sunan 'yarsa. Wikipedia ta koma kanta a 2013. Wanda kuwa har yau yake kan MySQL 5.7, an daina yi mata gyara tun Oktoban 2023, don haka tashi ya kama shi ko bai so ba.

Abin da nake ji muku shi ne gaggawa. Sabar taku ce, amma abin da ke ciki amanar mutane ce: sakamakon jarrabawar yara, sunayen waɗanda suka biya kuɗin taki, rasit na shekaru. Manomin shinkafa a Tudun Wada ba ya rushe tsohon rumbu sai ya kwashe hatsin, ya auna, ya ga tiyarsa ta cika. Ku fara kwafe komai da mysqldump, ku sauke kwafin zuwa wata na'ura dabam. Sannan ku zuba shi a sabar gwaji ku ga ko zai tashi, wanda nan ne yawancinku kuke ƙyuya. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun kamfanin bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiyarsu aka tarar kusan duk ba sa aiki, bayanan sa'o'i shida suka salwanta. Ƙwararru ke nan, masu albashin dala.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu Hausawa. Tsofaffin MySQL suna zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan aka kwafe da wani tsari aka zuba da wani, sai Ɗanjuma da Ɗahiru su koma alamar tambaya da tarkace, uwar yaro ta karɓi takarda ta kasa gane sunan ɗanta. Ku sa utf8mb4, ku nemo sunayen masu lanƙwasa a sabar gwaji, ku karanta su da idonku.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa manhajojin biyu daidai suke. Da haka ne, amma tun MySQL 8.0 hanya ta rabu, ba a ɗora MariaDB kai tsaye a kan fayilolinta, sai an kwafe an zuba. A cPanel ma, idan ka danna ka haura zuwa MariaDB, babu maɓallin dawowa.

Sai lokaci. Ban da makon fitar da sakamako, ban da ranakun rajista. Ku gaya wa shugaban makaranta tun da wuri cewa shafin zai rufe na 'yan sa'o'i. Ku cika batir, ku zauna inda sabis yake da ƙarfi. Mai aiki daga wajen Riruwai ko bayan dajin Falgore ya buɗe manhajar tmux tukuna, don ko layi ya yanke, aikin ya ci gaba a sabar. Bayan an gama, tsohon kwafin ya zauna aƙalla har zangon karatu ya ƙare, domin wani kuskuren ba ya fitowa sai malamin aji ya zo neman makin bara.