Niyyar Sabuwar Shekara

Karatu: Daniyel 1:3-16

Da kamawar sabuwar shekara mukan yi wa Ubangiji alkawarai da yawa, amma kafin damina ta faɗi mun manta da su. Bari mu dubi Daniyel a Babila. Niyya guda ya ɗaura, ba zai ci abincin sarki ba. Ya roƙa a gwada shi kwana 10 tukuna, da ganyaye da ruwa kaɗai. Da Allah ya ba shi nasara, sai ya ɗore.

Haka mu ma. Wanda bai saba da karatu ba, bari ya soma da Bisharar Markus, sura ɗaya kowace safiya. Cikin kwana 16 ya gama, gama sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: Wace niyya guda za mu soma cikawa gobe?