Darasi: Yadda Ake Auna Maganganun Majalisa Kan Waya, Gem da Kwamfuta Kafin a Kashe Kuɗin Kaka

Da zarar an fara kai masara da dawa da waken suya kasuwannin Funtua, Dandume, Bakori da Malumfashi, shagunan waya ma kasuwarsu ta buɗe. Matashin da ya yi wata biyar yana fama da noma da taki da feshi, ya sayar da buhu biyu ko uku, abin da ke ransa shi ne canza waya. A daidai wannan lokaci ne masu ba da shawara ke yawaita: a wurin mai shayi, a shagon caji, a gidan kallon ƙwallo, kowa na da ta cewa. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa talla ce aka maimaita har ta zama kamar ilimi. Wannan darasi zai ɗauki biyar daga cikin waɗanda aka fi ji, ya nuna yadda ake gwada kowacce kafin kuɗi su bar aljihu.

1. "RAM ɗinta 16 ne, babu gem ɗin da zai gagare ta"

RAM tamkar tabarmar shanya ce: iya faɗinta, iya kayan da za a baza a lokaci guda. Ma'adanar waya kuma, wato inda hotuna da manhajoji ke zama, ita ce rumbu. Kamfanoni da yawa, ciki har da Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, suna rubuta lamba irin 8+8 a jikin kwali. Takwas ɗin farko ce RAM ta haƙiƙa. Ta biyun aro ce aka yi daga ma'adana, kuma ma'adana ba ta kai RAM sauri ba ko kusa. Amfanin wannan aro bai wuce riƙe wasu manhajoji a buɗe a bayan fage ba. Ba ya ƙara wa gem gudu.

Abin da ke ɗaukar nauyin gem shi ne furosesa, wato injin wayar, tare da sashen zane da ke cikinsa. Waya mai Helio G99 da RAM 6 za ta fi mai Unisoc T606 da 8+8 santsi a Call of Duty Mobile ko PUBG Mobile, domin injin farko ya fi ƙarfi, ya kuma fi tsimin wuta. Free Fire na kamfanin Garena an gina shi ne don ƙananan wayoyi, shi ya sa yake tafiya a inda sauran ke sarƙewa. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce sunan furosesa. Idan ya ce bai sani ba, manhajar CPU-Z kyauta ce a Play Store, kuma cikin minti ɗaya za ta fito da sunan injin da ainihin girman RAM.

2. "Wayar da ba ta da 5G ta zama tsohon yayi"

A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara. MTN ya fara aiki da shi a 2022 a manyan birane irin su Legas, Abuja, Kano da Maiduguri, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. Wannan labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, 5G ɗin da ke cikin waya ba ya aiki sai akwai turken 5G a kusa, kuma zangon da ake amfani da shi ba ya cin nisa kamar na 4G. Wanda harkarsa ke tsakanin gona a Kafur da kasuwa a Danja, ko wanda har yanzu sai ya fita bakin titi kafin saƙon WhatsApp ya tafi, ƙarin kuɗin da zai biya saboda 5G kuɗi ne da ya ajiye a abin da ba zai mora yau ba.

Gwajin mai sauƙi ne. A duba alamar da ke saman allon wayar abokai a unguwar da ake zaune, da wurin da ake aiki: E ce, ko H+, ko 4G? Wane layi ne ya fi tsayawa? Ga mai buga gem ta intanet kuma, abin lura shi ne ping, wato lokacin da umarni ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da ms. Yawancin gem suna nuna shi a gefen allo. Idan yana ƙasa da 100, wasa na tafiya. Idan yana tsalle zuwa 200 ko 300, za a harbe ɗan wasa kafin ya ga wanda ya harbe shi, ko da wayarsa ta miliyan ce. A irin wannan hali laifin na sabis ne, kuma canza layi ya fi canza waya araha.

3. "Gem ne ke kashe batir"

Nan akwai ƙamshin gaskiya, amma mai laifin na ainihi shi ne zafi. Batirin lithium yana tsufa da wuri idan yana yawan ɗaukar zafi. Gem yana sa furosesa ya yi zafi, caji ma yana kawo nasa zafin, ga kuma ranar Maris da Afrilu. Idan aka haɗa ukun, wato buga gem alhali waya na jone da wuta a ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana, batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya fara kumbura. Wayar ma da kanta tana rage gudu idan ta ji zafi don ta kare kanta, shi ne dalilin da wasa ke fara daɗi sannan ya koma cijewa bayan ɗan lokaci.

Magani: a cire waya daga caji kafin a fara wasa, a cire mata riga idan ta ɗumama, a rage ingancin zane a cikin saitin gem ɗin, kada a bar ta kan tankin babur ko gaban mota a rana. Wanda ke kai caji shago saboda rashin tsayayyiyar wutar KEDCO, gara ya tafi da cajarsa ta asali. Wajen saye kuma a duba lambobi biyu tare: girman batir, misali 5000mAh, da ƙarfin caja, misali 10W ko 33W. Batir iri ɗaya, cajar 10W kan ɗauki wajen awa uku ta cika shi, ta 33W kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. A inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan bambanci ya fi yawan megafiksel ɗin kyamara muhimmanci.

4. "Waya ta kashe kwamfuta"

Ga mai POS ko mai tallan kaya a Facebook da TikTok, waya ta isa. Har lissafin kasuwa ana iya yi da ita. Misali, dillalin hatsi zai buɗe Google Sheets ko WPS Office, ya sa sunan mai kaya a layin A, yawan buhu a B, kuɗin buhu a C, sannan ya rubuta =B2*C2 a D. Jimilla za ta fito da kanta, kuma idan farashi ya canza, lamba ɗaya kawai zai gyara. Wannan ya fi littafin da ruwa ke iya jiƙawa.

Sai dai wurin aiki yana da nasa sharaɗin. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa ya fara da asarar lokaci. Ofishin ƙaramar hukuma, banki, makaranta, asibiti da kamfanin gurzar auduga duk suna neman mai iya buga takarda a Word, ya tsara lissafi a Excel, ya adana fayil inda za a same shi gobe. Mai saurin yatsa a eFootball ba lallai ne ya iya buga shafi ɗaya cikin minti goma ba. Wanda ba shi da halin laftof zai iya sayen allon rubutu mai Bluetooth ya haɗa da wayarsa ya riƙa koyo, ko ya ware awa biyu a mako a shagon kwamfuta.

5. "Laftof ta hannu duk ɗaya ce, in dai Core i5 ce"

Core i5 suna ne na zuriya, kuma a cikinta akwai kaka akwai jika. Lambar da ke biye da sunan ce ke nuna zamani: i5-4300U ƙarni na 4 ce, i5-8250U ƙarni na 8. Wannan ya zama abin kula sosai domin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 da gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma a hukumance yana buƙatar TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, ma'adana 64GB, da furosesan Intel daga wajen ƙarni na 8 zuwa sama. Tsohuwar laftof ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da buga takarda, amma mai shiga asusun banki ko adana bayanan mutane da ita ya san ƙofarsa ba ta da sabon kwaɗo.

Kafin a biya, ko a Funtua ne ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, a danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta winver don ganin nau'in Windows, a sake rubuta tpm.msc don ganin TPM. A tambaya ko ma'adanar SSD ce ko HDD, domin SSD ce ke sa tsohuwar kwamfuta ta tashi cikin daƙiƙu. A cire caja a ga yadda batir ke sauka cikin minti ashirin. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Tambayoyi uku ga kowane sabon labari

Tun bayan da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ko kallon bidiyon sharhin waya ya zama abin lissafi. Don haka duk labarin da ya zo, a yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa, kamfanin ne da kansa, ko hukuma, ko wani ne ya turo a rukuni? Me mai maganar zai samu idan aka yarda, yana sayar da kayan ne ko an ba shi kyauta ya yaba? Sannan a ina ya gwada, a Legas cikin ɗaki mai sanyi da Wi-Fi, ko a irin yanayin Malumfashi?

Aikin gwaji

Mai karatu ya ɗauki wayar da ke hannunsa ya rubuta abu biyar: sunan furosesa, RAM ta haƙiƙa ba tare da aro ba, sauran fili a ma'adana, alamar sabis da ta fi zama a gidansu, da ping ɗin gem ɗin da ya fi bugawa da safe da kuma da dare. Ya danna *#06# ya kwafe lambar IMEI ya ajiye a takarda saboda ranar ɓata ko sata. Daga nan ya rubuta abu ɗaya da wayar ta gaza yi masa. Idan matsalar cikar ma'adana ce ko raunin layi ko tsohon batir, gyaranta bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, sauran buhunan kuma sai su jira taki da irin damina mai zuwa.