Darasi na Bakwai: Shirye-shiryen Rediyo na Yini Guda a Matsayin Kayan Koyar da Hausa

Ɗalibin da aka tura aikin gwajin koyarwa Boɗinga ko Shagari zai iya tarar da makarantar da littattafan Hausa suka yi mata ƙaranci. Amma da wuya ya shiga unguwar da ba a kama Rediyon Rima ta Sakkwato, ko da a wayar hannu ce. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi yadda zai mayar da abin da yara suka saba ji a gida ya zama kayan aikin aji.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, tsarin shirye-shirye yana bin rayuwar mai sauraro ne. Akan buɗe tasha da karatun Alƙur'ani, labarai su biyo baya, gaishe-gaishe da kiɗa su raka manomi da ɗan kasuwa cikin yini, sannan a ajiye wa wasan kwaikwayo da hira lokacin da iyali suka taru. Idan azumi ya kama, sai tafsiri ya karɓi babban fili. Wannan al'ada ta daɗe, domin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, ta Rediyon Kaduna ya riƙa isa ƙauyuka daga Masallacin Sultan Bello.

Inda malamin Hausa ya fi samun riba shi ne harshen kansa, domin a yini guda Hausa takan sauya kama fiye da sau ɗaya. Mai karanta labarai yana ƙoƙarin bin Daidaitacciyar Hausa, irin wadda Sashen Hausa na BBC ya saba wa kunnuwan jama'a tun 1957. Mai tafsiri, bayan mai jan baƙi ya ja aya, yakan yi fassara da Hausa mai cike da aron Larabci. Da an sako faifan Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo kuwa, sai karin harshen yamma ya bayyana fili. A nan ne yaro zai ji irin "wanga" da "shina" da "yat tahi" na gidansu, maimakon "wannan" da "yana" da "ya tafi" na littafi. Sau da yawa malamai kan tsawata wa yaro a kan waɗannan siffofi kamar kuskure ya yi. A ganina wannan ɓarna ce. Yaron da aka nuna masa cewa da karin harshensa manyan makaɗan fada suka yi fasaha ya fi saurin gane inda daidaitacciya ta dace, da inda ba dole ba ce.

Yankin ma ba baƙon adabi ba ne. A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya domin koyar da ɗalibai.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓe. Ba kowace waƙa ta dace da aji ba, musamman mai zambo ko ta siyasa. Dole malami ya saurari abu tukuna kafin ya kai wa yara.

Jinga: Saurari Rediyon Rima daga asuba zuwa bayan isha'i. Rubuta jimloli uku-uku daga labarai da wa'azi da waƙa, sannan ka bayyana bambancinsu ta fuskar furuci da zaɓen kalmomi.