Amsar Tambaya: Wa Ke Da Haƙƙin Tsohon Fim?

Tambaya: Ina da shagon tura finafinai a waya a Rogo. Na sayi buhun tsofaffin kaset a kasuwar Ƙaraye, ina so in ɗora su a YouTube. Izinin wa zan nema?

Amsa: Malam, kaset ka saya, haƙƙin fim yana hannun mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare fim shekara 50 daga ƙarshen shekarar fitowarsa, don haka ko Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, sai bayan 2040 zai zama na kowa.

Fara da kwalin kaset ɗin: akwai sunan kamfani da furodusa, wani lokaci har da lambar shago. Sai dai a nan gizo ke saƙa. A zamanin kaset, wani furodusan kwali kawai yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kwafa su zuba, fim na nan nasa. Wani kuwa bashi ya ci shi, ya sayar da fim ɗin ɗungurungum, galibi da baki, ba takarda. Saboda haka ka ji ta bakin ɓangarorin biyu, furodusa da ɗan kasuwa, kada ka tsaya ga jarumi, shi kuɗin aiki aka biya shi.

Fim ɗin bayan 2001 ka bincika rajistarsa a Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ma ta san mutanenta. In mai fim ya rasu, magadansa za ka nema, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin ka ɗora komai.