Amsoshin Tambayoyinku: Funfuna ta kama gilashin kyamarata, yaya zan yi?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne a Kaduna, bukukuwan aure da suna nake yi. Da damina ta ja baya na ɗauko wani gilashin kyamarata da na daɗe ban ɗora ba, sai na ga wasu fararen zarurruka a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo. Na goge gaba, na goge baya, ba su fita ba. Wani abokin sana'a ya ce in shanya shi a rana, wani ya ce in binne shi cikin shinkafa, wani kuma ya ce ya riga ya mutu, in jefar. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Kada ka jefar tukuna, kada kuma ka kusanci buhun shinkafa.

Abin da ka gani funfuna ce, kuma rayayyen abu ne da ke ci yana yaɗuwa. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, ido ba ya ganinsu, kuma babu gilashin kyamarar da iska ba ta shiga cikinsa. Musamman mai zuƙowa, wanda duk sanda ka murɗa shi ya miƙe ko ya koma, iska yake sha yana fitarwa. Ƙwayoyin sukan zauna shiru har sai sun samu danshi. Kamfanin Zeiss na Jamus, wanda yake sana'ar gilasai tun 1846, ya fayyace abin da take bukata: danshin iska ya kai kashi 70 cikin 100 na fiye da kwana 3, ga duhu, ga rashin kaɗawar iska, ga ɗumi tsakanin digiri 10 zuwa 35, sannan ɗan abin ci kamar ƙura, maiƙon yatsa ko burbushin yadi. To ka duba jakar kyamara da aka zuge aka tura ƙarƙashin gado a watan Agusta. Babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da bai cika ba. Mu a nan ma yanayin namu yana yi mata hidima ta fuska biyu: hunturu ya cusa ƙura cikin gilashi, damina ta zo ta kawo laima. 'Yan'uwanmu masu wannan sana'a a Legas ko Kumasi kuwa kusan duk shekara suna cikin wannan fama.

Kafin komai, ka san girman ɓarnar. Cire gilashin daga jikin kyamara, ka cire murafunsa biyu, ka buɗe ƙofar haskensa iya buɗewa. Shiga ɗaki mai ɗan duhu, ka haska tocilan ɗin wayarka ta baya a karkace, kana leƙawa ta gaba, sannan ka juya. Ƙura za ka gan ta ɗigo-ɗigo a warwatse. Funfuna kuwa tana da cibiya, rassa suna fita daga gare ta, kuma yawanci daga gefe take farawa ta nufi tsakiya. Bayan haka ka ɗauki hoto biyu, ɗaya a inuwa, ɗaya kana fuskantar taga ko fitila. Idan 'yar kaɗan ce a gefe, da wuya ka ga wani bambanci, kuma za ka iya ci gaba da neman abincinka da shi. Idan ta yi yawa, hoton zai fito da hazo, baƙi ya koɗe ya koma toka-toka, fitilun zauren biki su riƙa yin tartsatsi a fuskar amarya.

Abin da ya sa bai kamata ka yi sanya ba shi ne, kowane gilashi na zamani an yi masa wani siririn shafi da ke hana haske warwatsuwa. Funfuna tana fitar da sinadarin da ke cinye wannan shafi. Idan aka goge ta da wuri, gilashi ya koma garau. Idan ta shekara a kai, ko an kashe ta an wanke, sawunta yana nan a zane, kuma babu ruwan wankin da zai cire shi.

Maganar rana akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, domin funfuna ba ta son haske da bushewa. Amma gilashi yana tare mafi yawan hasken da ke kashe ta kafin ya kai can ciki, kuma ko ta mutu, gawarta tana nan inda take. Ga haɗari kuma. Ranar Kaduna ta tsakar rana za ta iya narkar da man da ke cikin maƙogwaron gilashin, ya gangaro kan 'yan fukafukan ƙofar haske su manne. Gilashin kuma yana tattara hasken rana wuri guda, zai iya ƙona roba ko tsumman da ke bayansa. In za ka yi, ka ajiye shi kusa da taga da hantsi, babu murfi, kuma ba a jikin kyamara ba, na ɗan lokaci. Shinkafa kuwa ba ta shan danshi yadda ake zato, sai ma ta ƙara maka gari, wanda abinci ne ga funfunar.

Cire ta sai an buɗe gilashin. A nan shawarata ita ce kada ka buɗe da kanka, balle idan mai zuƙowa ne ko mai saita kansa. A cikinsa akwai gilasai da yawa, kowanne da mazauninsa da fuskar da yake kallo, ga wayoyi sirara da ke tsinkewa da ɗan ja. Idan ɗaya ya koma a juye ko a karkace, hoto ba zai ƙara fita tas ba. Nemi mai gyaran kyamara na ainihi, ba mai gyaran waya ba. Su sukan jiƙa wurin da haidurojin feroksaid mai sauƙin ƙarfi, su bi da alkohol na musamman da takarda mai laushi, su kuma goge cikin gangar da zoben da ke riƙe da gilashin. Ka tambaye shi abu biyu kafin ka biya. Na farko, ko shafin ya cinyu. Na biyu, ko funfunar tana tsakanin gilasai biyu da aka manne da gam tun daga masana'anta, domin wannan raba su aiki ne babba da ba kowa ke iyawa ba. Idan ɗan 18-55 ne da ake sayarwa tare da kyamarorin Canon da Nikon, ka gwada kuɗin gyara da kuɗin wani na hannu. Sau da yawa canjawa ta fi. Idan mai tsada ne, gyara ya cancanta.

Sai dai duk gyaran da za a yi, in ka mayar da shi inda ya kamu, zai sake kamuwa. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ba shi da tsada. Samu akwatin roba mai murfin da ke rufuwa gam, irin na ajiye abinci. Zuba silika jel a ciki, wato 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi, amma ka sayi mai yawa, mai canja launi. Mai shuɗi yakan koma ruwan hoda idan ya ƙoshi da ruwa, mai ruwan lemo yakan koma kore. Idan ya canja, sai a gasa shi a obin a zafin kamar digiri 120 har launinsa ya dawo. Saka ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Kada ka bari ya sauka ƙasa da 30, domin bushewar da ta wuce kima tana lalata roba da man cikin gilashi. Akwai durowa mai lantarki da aka yi don wannan, tana da kyau, amma inda wuta ba ta tsayawa, akwatin roban ya fi rufin asiri.

Jakar fata da ta yadi ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Idan ka dawo daga biki da dare, ko da ka gaji, fito da kayan ka goge su, ka bar su su sha iska kafin ka rufe. Idan za ka fito daga zaure mai na'urar sanyi zuwa waje mai laima, bar kyamarar cikin jaka na wasu mintuna, don kada raɓa ta kwanta a cikin gilashin. Gilashin da ya kamu kuma ka ware masa nasa akwati, ka wanke murafunsa da jakar da ya zauna. Ka riƙa ɗora kowane gilashi kana aiki da shi lokaci-lokaci, domin wanda aka manta a ajiye shi ya fi kamuwa.

Don haka, Malam, yau ka yi gwajin tocilan ga duk gilasanka, har da madubin leƙawa na kyamarar. Ka sayi akwati da silika a makon nan. In hoton ya fara hazo, kai shi wurin mai gyara kafin damina mai zuwa. Allah ya yi wa sana'a albarka.